Ranar da Na Ƙara wa Mutum Huɗu Haske a Cheras

Ban taɓa mantawa da ranar da na buɗe gwangwanin farin fenti a wani shagon buga fosta da ke Cheras, a Kuala Lumpur, ba. Da za a ce in zaɓi rana ɗaya in goge daga shekarun aikina, ita zan goge. Tunda ba ta goguwa, gara in ba ku labarinta da bakina, ku abokan sana'a da masu tasowa a bayanmu, kafin wani ya ba ku ya ƙara gishiri.

Sunana Sabo. A Kano na koyi aikin sikirin, kuma a kan fostocin 'yan siyasa hannuna ya faɗa. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake a taƙaice. Ana ɗaure siliki a jikin firam ya yi tsam kamar fatar ganga, a shafa masa wani magani mai jin haske, a ɗora zanen a haska, sannan a wanke da ruwa. Inda zanen yake sai ya buɗe, sauran wurin ya toshe. Sai a kwantar da firam ɗin a kan takarda, a zuba fenti, a ja shi da roba. Kowane launi da nasa firam ɗin, kuma sai ɗaya ya bushe ake ɗora na gaba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma duk wanda ya yi aikin siyasa a zamaninmu ya santa: ba a buga ɗan takara da launin da ya zo da shi. Ana ƙara masa haske. Idan baƙi ne ya koma wankan tarwaɗa, idan wankan tarwaɗa ne ya koma fari sol. Ba sai ya roƙa ba. Idan ma ya buɗe baki ya ce "a ɗan gyara ni", to ka riga ka gaza. Ni a wannan fannin har suna na yi. An taɓa kawo mini wani mai neman kansila daga wata ƙaramar hukuma mai nisa, don an ce hannuna yana wanke mutum.

Wani ɗan uwana mai aiko da kaya daga Malesiya shi ya yi mini hanya na tafi. Na samu aiki a shagon wani ɗan Caina, Mista Tan, wanda kowa ke kira Tauke, wato maigida. Shagon yana ƙasan wani dogon bene, tsakanin mai gyaran babur da wani kedai, wato shagon shayi. Ma'aikata mu biyu ne, ni da Mutu, wani Ba'indiye mai surutu da ya daɗe a wurin. Da Turancin kasuwa da ɗan Malayancin da na tsinta muke fahimtar juna.

A shagon Tauke matakin aiki uku ne: mai wankin firam, mai shimfiɗa takarda, sai mai haɗa fenti da jan roba. Ni da nake da yara a ƙarƙashina a Kano, a kwamin wanki aka ajiye ni. Na kusa shekara biyu ina goge firam da sinadari mai hawa kai, hannuwana duk sun yi fari sun tsattsage. Kullum na ce, "Tauke, na iya jan roba fa," sai ya ce, "Sannu lah, Sabo. Firam ma yana son mai haƙuri." Wannan "lah" ɗin gishirin magana ne a can, kusan kowa yana liƙa shi. Babu abin da nake so a lokacin kamar in bar kwamin nan in tsaya a teburi.

A farkon shekarar 2006, ana gab da hutun sabuwar shekarar 'yan Caina, wata ɗaliba ta shigo da aiki. Sunanta Ummi, 'yar Kaduna, tana karatun zane a wata kwaleji mai zaman kanta. Ɗaliban Afirka ne da abokansu 'yan ƙasa za su yi taron waƙa a zauren kwalejin. Dalilin taron kowane baƙar fata a garin ya san shi. Ka buga waya neman hayar gida a ce akwai, ka je a ga fuskarka a ce an riga an bayar. Ka tsayar da tasi ya rage gudu, ya leƙo ka, ya ƙara wuta. Ni kaina an yi mini, ba sau ɗaya ba.

Zanen Ummi fuskoki huɗu ne a jere suna waƙa a makirfo ɗaya: ɗan Caina, ɗan Malayu, Ba'indiye, sai ɗan Afirka a gaba, baƙi wuluk. Fuskokin ba su da layi a gefe, launin fata ne kawai ya fitar da kowa. A ƙasa ta rubuta da Turanci da Malayanci abin da ke nufin "Mu ma maƙwabtanku ne." Takardarta ta zo da ita, mai kauri, ruwan madara, wadda ta ce sai da ta zaga gari kafin ta samu.

Tauke ya daɗe yana kallon zanen. Ya tambaya ko hukumar kwaleji ta amince, ta nuna masa hatimi a bayan samfurin. Ya duba ko akwai launi ko alamar da ta yi kama da ta wata jam'iyya, bai samu ba. Sannan ya ce boleh, za a yi. Da ta tafi sai ya kira ni. Ya ce shi gobe zai wuce garinsu bikin shekara, kuma aikin ba zai jira shi ba.

"Sabo, ga mukulli. Kai za ka haɗa fenti, kai za ka ja. Idan ya yi kyau, ka bar kwami har abada. Amma ka ji ni: a ƙasar nan maganar launin fata garwashi ce a aljihu. Abin da aka sa wa hatimi, shi za ka buga. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce, "Tauke, ni fa fuskokin manya na buga a ƙasarmu."

Ya ce, "Shi ya sa nake faɗa maka sau biyu."

Washegari da safe na zo da wankakkiyar riga. Muka haska firam biyar, huɗu na fuskoki, ɗaya na gashi da idanu da makirfo da rubutu. Sai haɗa fenti. Ƙa'ida ita ce ka haɗa duka launukan, ka shafa kowanne a guntun takarda, ka jera su kusa da samfuri ka gwada.

Na fara da na ɗan Afirka. Na haɗa shi daidai da samfuri, na shafa, na tsaya ina kallo. Wallahi zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce a raina, yarinyar nan ɗaliba ce, ba ta san kasuwa ba. Wannan yaron ɗan uwanmu ne, a gaba yake, shi ne ɗan takara ke nan. A ƙasar mutane, a bango, a bar shi haka kamar bayan tukunya? Ai sai a ce ba mu da mai gyara. Na jawo gwangwanin fari, na ɗebo da cokali, na ɗan ɗiga ja, na juya. Sai ga wankan tarwaɗa mai kyau, irin wanda ake ba shugaban ƙaramar hukuma.

Mutu ya leƙo ta kafaɗata. "Ankul, wannan ba shi ne a samfuri ba lah."

"Gyara ne, Mutu. Kai ba za ka gane ba, sirrin sana'a ne."

Da na jera gwajin sai na ga matsala. Ɗan Afirka da Ba'indiye sun zama launi ɗaya, ba a gane inda kumatun wannan ya ƙare na wancan ya fara. To mu a aikin siyasa, ba ka wanke shugaba ka bar mataimaki, rigima ce. Na ƙara wa Ba'indiye fari.

Mutu ya dafe ƙirji. "Ayyo! Ɗan uwana me ya yi maka?"

"Ai alheri na yi masa."

"Ni ma haka launina yake, Ankul. Ko ni ma za ka zuba mini?"

Ban kula shi ba, don wata matsalar ta taso: Ba'indiye ya shige cikin ɗan Malayu. Na ƙara wa ɗan Malayu. Shi kuma sai ya je ya taka ɗan Caina. Na tsaya da cokali a hannu. Adalci dai adalci ne, tunda an fara. Na ƙara wa ɗan Caina nasa kason.

Mutu ya ce shi dai mai shimfiɗa takarda ne, mukulli yana hannuna, amma idan Tauke ya tambaya zai ce ranar ma zazzaɓi yake yi.

Muka fara da ɗan Caina, don daga mai haske ake farawa. Na ja roba, muka ɗaga firam, Mutu ya ɗauki takardar ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya juya ta gaba da baya.

"Ka buga kuwa?"

"Na buga mana. Bari a ɗora sauran, zai fito."

Haka muka yi ta yi, launi bayan launi, har muka cinye takardar Ummi kaf. Ni kuwa daɗi nake ji, don hannuna bai manta ba, ko ɗigo ɗaya bai fita layi ba. Da muka ɗora firam na ƙarshe, muka shanya, sai na ja da baya in kalli aikina. Mutum uku kamar uwa ɗaya ta haife su, su ma irin waɗanda suka daɗe kwance a asibiti. Ɗan Caina kuwa ya narke cikin takarda. Gashi ne da tabarau kawai a sama suna shawagi. Duk da haka na ce wa kaina, ai na gaban ya yi kyau, kuma shi ne mai taro.

Ranar karɓar aiki Ummi ta zo da rana, tare da Bashir, babban mawaƙin taron, wanda fuskarsa ta zana a gaba. Dogo ne, baƙi, mai fara'a. Har da tapau ta riƙo mana, shinkafa da kaza a leda, wai tukwicin masu aiki. Ta gaishe ni da ladabi, "Sannu da aiki, Baba," na amsa ina murmushi, na zaro guda ɗaya na shimfiɗa a teburi kamar mai buɗe lefe.

Bashir ne ya fara magana.

"Baba, wannan bawan Allahn wane ne?"

"Kai ne mana, ɗana. Ka ga yadda ka fito?"

Ya sunkuya ya ƙara dubawa. "Wallahi ko a hanya na gamu da shi ba zan yi masa sallama ba. Idan Hajiyata ta ga wannan cewa za ta yi na fara shafa mai a Malesiya."

Ummi ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ledar abincin a hankali. Ta ce, "Baba, fenti ne ya ƙare?"

"A'a, 'yata. Gyara na yi miki. Kyauta ma, ban sa a lissafi ba. A gida haka muke yi wa manya."

"Ina ɗan Caina?"

Na nuna mata tabarau.

Ta rufe ido, ta buɗe. "Baba, ka san dalilin taron nan?"

"Na sani mana. Ni ma an hana ni haya."

"To mai gidan haya ya ce ba ya son ganin baƙi a gidansa. Kai kuma ka ce ba ka son ganinsa a fosta. Shi a ƙalla baƙo ne a wurinmu. Kai fa?"

Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, sai idona ya sauka a kan hannuna da ke dafe da takardar. Hannun ya fi fuskar da na buga duhu nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ina wannan gyaran, ana biyana ana gode mini, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me nake gyarawa ba, kuma wa ya ce ya lalace. Sai ga yarinyar da ba ta kai 'yata ta fari ba, ta tambaye ni a gaban Ba'indiye. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Mutu, da yake ba ya jin Hausa amma yana karanta fuska, ya ce, "Na faɗa masa, Mis. Ɗan uwana ma bai tsira ba."

Ummi ta ce taron saura kwana kaɗan, ba za ta liƙa wannan ba ko da kwaleji ta yarda, kuma ba za ta yarda ba tunda ya saɓa wa samfuri. Na ce a sayo wata takardar. Mutu ya tuna mini cewa masu sayar da irinta duk sun rufe sun tafi biki. Nan fa na hango kwamin wanki yana yi mini murmushi daga lungu.

Abu ɗaya ya cece mu: ban wanke zanen daga firam ɗin ba, saboda yanzu ni babba ne, wanki ba aikina ba ne. Kuma a sikirin duhu yana rufe haske. Na ce za a iya sake bi ta kan kowace fuska da launinta na gaskiya, sannan a sake ɗora gashi da idanu. Ummi ta ce ta yarda, da sharaɗi ɗaya: a gabanta za a haɗa fentin.

Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki gwangwanin farin ta ɗora a cinyarta ta rungume. Ta ce wa Bashir ya naɗe hannun riga ya ɗora damtsensa a teburi. Ina haɗawa, ina shafawa a guntun takarda, ina karawa a jikin fatarsa.

"Ya yi, 'yata?"

"Ƙara baƙi."

Na ƙara. "Yanzu fa?"

"Baba, daina tsakura. Cika cokalin."

Bashir ya ce, "Zuba, Baba, kada ka ji tausayina. Na saba."

Da aka zo kan Ba'indiye, Mutu bai jira a kira shi ba, ya miƙo nasa hannun yana cewa yau dai za a mayar wa danginsa haƙƙinsu. Ɗan Malayu muka bi samfuri. Ɗan Caina ma samfuri muka bi, don duk unguwar babu ko ɗaya da za a ara, kowa ya tafi gida.

Kwana biyu muka yi muna wannan aikin. Bai zo da sauƙi ba. Takardar ta riga ta sha fenti ta ɗan motsa, saboda haka sabon launi ba ya zama daidai a kan tsohon. Wasu suka fito da hanci biyu, wasu da farin zobe a gefen kunne. Ummi tana tsaye tana tacewa, wannan ya wuce, wannan bai wuce ba. Abin da ya tsira ya ɗan haura rabi. Da shi suka liƙa a Cheras da wajen Lembah Pantai inda ɗalibai suke, wurare da yawa da suka yi niyya kuwa ba su samu ba. An yi taron, an ce ya yi daɗi. Bashir ya aiko a ce in zo, ban iya zuwa ba. Da wace fuskar?

Na tattara waɗanda suka lalace na cusa a ƙarƙashin teburi, na roƙi Mutu ya rufa mini asiri. Ya ce bakinsa ba zai faɗi komai ba. Kuma ya cika alkawari, bakinsa bai faɗa ba. Ashe tun kafin mu fara gyara ya zare guda ɗaya daga bugun farko ya ɓoye. Ranar da Tauke ya dawo, da lemon zaƙi a kwali yana raba mana na sabuwar shekara, sai ga fostar nan a manne a bango saitin teburinsa.

Tauke ya sa tabarau, ya matsa kusa. Ya ƙirga da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya a kan gashin da ke shawagi.

"Sabo, wannan wa ye?"

"Ɗan Caina ne, Tauke."

"Yana ina?"

"Yana nan, sai an lura."

Ya cire tabarau ya goge. "Kwana kaɗan na yi ba na nan, a shagona, da fentina, an cire ni daga ƙasar?"

Mutu ya shige bayan ragar shanya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, har da yadda muke yi wa 'yan takara a gida. Tauke ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi ma mahaifiyarsa ba ta fita rana sai da lema, kuma masu ɗaukar hoton aure a nan ma suna irin wannan gyaran, saboda haka ciwon ba na Kano kaɗai ba ne. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ɗauki fostar ya duba gefunan launi da kyau, ya ce, "Layinka ya zauna, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Hannunka na teburi ne. Kanka ne har yanzu na kwami." Ya miƙo hannu na ba shi mukulli.

Na koma wankin firam. Firam ɗin farko da na wanke su ne waɗannan biyar ɗin, ina goge fuskar Bashir da buroshi ina ba shi haƙuri. Sai da aka kusa azumin wannan shekarar Tauke ya sake ba ni roba. Ko a lokacin, farin fenti a ofishinsa yake ajiye shi, a cikin durowa mai kwaɗo. Duk ranar da aiki ya buƙaci fari, sai in je in tsaya a ƙofa da furfurata, in faɗi ko cokali nawa nake so da wanda zan zuba wa.

Abin da na koya ke nan. Mai buga fosta yana ganin kamar fenti kawai yake turawa ta cikin siliki, alhali abin da ke kansa ma yana bi ta ramukan nan ya sauka a takarda, sau ɗari, a manna a bango kowa ya gani. Kuma mutanen da muka fi cuta da irin wannan gyaran namu ne, don su ne muke jin muna yi wa alheri.

Roƙona gare ku, masu tasowa, ɗaya ne. Zaɓe zai zo, za a kawo muku fuskoki, wasu ma da bakinsu za su ce a ƙara musu haske. Wanda ya roƙa, wannan tsakaninsa da madubinsa. Amma wanda bai roƙa ba, don Allah kada ku yi abin da na yi. Ku buga shi yadda mahaifiyarsa za ta gane shi daga tsallaken titi.